Tsohon babur da ke jingine a zaure

 

Yau ba maganar iri ko taki na zo da ita ba. Maganar wani ƙarfe ce da nake gani a gidaje da yawa, tun ina aiki wajen Cadakori cikin gundumar Gidan Rumji har aka maido ni nan Agiye. Tsohon babur ne, moto ke nan, an jingine shi a kusurwar zaure ko bayan rumbu. Tayoyinsa sun sace, kaji na kwana bisa sirdinsa, yara sun kwance madubi sun tafi da shi. In na tambaya sai a ce mini: «Ai na marigayi ne, tun da ya tsaya ba a sake taɓa shi ba.»

To, ga kaka ta yi, masu sayen tsohon ƙarfe kuma sun fara zagaya ƙauyuka da sikelinsu. Su kilo suke saye, ba ruwansu da ko injin na da sauran rai. Abin da suka ɗauka kuwa ya tafi ke nan, guduma ce za ta raba shi. Saboda haka kafin ka ɗora naka bisa sikeli, ka karanta wannan takarda har ƙarshe, ka kuma karanta wa maƙwabcinka wanda bai samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

Daga ina suka zo, me ya tsayar da su?

Dattawa sun san mobilet. Kamfanin Motobécane na ƙasar Faransa ya fara ƙera ta a 1949, Peugeot kuma ya fito da tasa mai lamba 103 a 1971. Ita ce abin hawan mushen lakwal da malamin likita da magatakardan kwaparatif a zamanin UNCC. Daga baya na Japan suka shigo, su Honda da Yamaha da Suzuki. Wasu ƴan kasuwa ne suka shigo da su ta Katsina da Jibiya, wasu kuma aikin gwamnati ya kawo su. Babban aikin raya karkara na Maraɗi da aka fara a ƙarshen shekarun 1970 da kuɗin Bankin Duniya, da wanda FIDA ta tallafa wa a Agiye cikin shekarun 1990, da PPILDA da ya biyo bayansa, duk malaman gonarsu bisa babur suke shiga ƙauyuka. In aiki ya ƙare akan yi gwanjon tsofaffin babura, su bazu cikin gari.

Da yawansu ba tsufa ne ya tsayar da su ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, ta koma rabi. Kayan gyaran da ke zuwa daga Faransa ko Japan suka ninka kuɗi dare ɗaya. Wanda fistan ɗinsa ya ci a shekarar nan sai ya ce bari a jira kaka. Kakar ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Ana nan, bayan shekara ta 2000, babura ƴan Sin suka cika kasuwa da araha, aka manta da na zaure. Ka ga ke nan wani babur ɗin, abin da ya kwantar da shi shekara 30 bai wuce ƙarfe ɗaya da za ka iya dunƙulewa cikin tafin hannunka ba.

Guda biyu daga cikinsu na fi so ka gane in ka gan su, don kamar da mu aka yi shawara aka ƙera su.

Na farko shi ne Yamaha AG 100. An fito da shi a 1973 domin manoma da makiyayan ƙasar Ostiraliya, masu bin tumaki cikin ƙura. Shi ya sa sarƙarsa take rufe ruf cikin gida, yana da wurin ɗaura kaya gaba da baya, da ƙafar jinginawa hagu da dama. Ba shi da gudu, amma yana jan rairayi kamar takarkari.

Na biyu shi ne Honda CG 125. A 1974 kamfanin Honda ya aika da ma'aikatansa suka zaga wasu ƙasashen Asiya don su ga yadda talakawa ke riƙe da babur. Suka tarar ana hawa mutum uku, mutum huɗu, ana labta kaya, ba a juye luwul har sai ya yi kauri kamar kunu. Suka koma gida suka ƙera injin da zai jure wa irin wannan riƙo, ya fito a 1975. Ga inda amfaninka yake: da yawa cikin babura ƴan Sin masu lamba 125 injin CG ɗin nan aka kwaikwaya. Don haka kayan gyaransa ba su yi wuya ba a Maraɗi, wani lokaci har a Caduwa ko Gazawa za ka samu wanda ya zauna daidai.

Mobilet kam, in faɗa maka gaskiya, ba na cewa kowa ya zuba mata kuɗi. Kamfaninta ya karye, Yamaha ta saye shi ya koma MBK a shekarun 1980, kayanta kuma sun yi wuyar samu a nan. Tana da daɗi bisa kwalta, misali daga Tibiri zuwa Maraɗi. Amma cikin jigawar arewacin Agiye kai za ka ɗauke ta, ba ita za ta ɗauke ka ba. A ƙasar Turawa akwai masu tara irinta, su goge su ajiye don kallo. Mu a nan babur abokin aiki ne, kamar jaki da amalanke.

Abin da ya same ni

Nawa babur ɗin AG 100 ne, kuma ya girme ni. Na saye shi wajen iyalan wani tsohon malamin gona da ya rasu, bayan ya yi shekaru a zaure. Muka tada shi da wani makaniki, ya yi mini aiki damina biyu ba ko tari.

A damina ta uku sai na ji ya fara nauyi. Na kai shi wata rumfar gyara a bakin hanya, maigidan ba ya nan, yaronsa ya buɗe akwatin iska ya zaro soson da ke ciki. Soson ya toshe da ƙura, gefensa ya fara ruɓewa. Ya jefar da shi ya ce: «Malam, wannan ne ya shaƙe shi, hau ka ji.» Na hau na ji babur ya saki jiki, har ƙararsa ta sake. Na biya, na yi godiya. Ni da na yi lise, na karanta yadda inji ke aiki a takarda, na san soson nan ba don ado aka sa shi ba. Amma gudun ya yi mini daɗi, na ce sai na shiga Maraɗi na sayi wani. Mako ya zama wata.

Ran nan cikin watan Agusta aka aiko daga wani ƙauye arewa da Gazawa cewa tsutsa ta faɗa wa zangarniyar hatsi. Na ɗauki hanya da sassafe. Ina cikin rairayi, rana ta fara zafi, na ji injin ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a kwano, sai ya cije. Na taka kik, ya tsaya ƙiƙam. Amalanken shanu ce ta fitar da mu bakin kwalta, ni da babur, bayan la'asar. Ban isa ƙauyen nan ba sai bayan kwana biyu, da aron babur. Wanda ya san tsutsar zangarniya ya san abin da take yi cikin kwana biyu. Mutanen ba su ce mini komai ba, sun kawo mini fura ma. Da sun yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da aka kwance injin, makaniki ya miƙo mini fistan. Jikinsa duk zane, kamar an goge shi da dutsen wasa wuƙa. Rairayi ne ya yi wannan aikin cikin wata ɗaya.

Yadda za ka gane mai sauran rai

Ka fito da shi tsakar gida da safe, ka kakkaɓe, ka wanke. Kada ka yi gaggawar zuba esansi.

Fara duba gangar jikinsa, wato ƙarfen da komai ke ɗaure a kai. Ka duba wuya, ƙarƙashin kan babur, ka duba inda injin ke zaune. In ka ga tsagewa a wuya, ko ka ga an taɓa yin walda a wurin, ko ka tsaya daga baya ka hangi tayar gaba da ta baya ba su bi layi ɗaya ba, to, ka bar wa mai sikeli. Inji na gyaruwa. Wuyan da ya taɓa karyewa kuwa wata rana zai sake karyewa, kana bisa, da iyalinka a baya.

In jiki lafiya, sai ka kwance buji, wanda mutanen Katsina ke cewa fulogi. Af, ka riƙe wannan: kusan kowane ƙarfe na babur sunansa biyu a jihar nan, ɗaya ya zo ta Yamai, ɗaya ta Ɗan Isa. Shambur shi ne tub, ambireyaj shi ne kuloci, sagiman su ne ringi. Hanya mafi sauƙi in za ka saye, ka tafi da tsohon a aljihu ka aza shi kusa da sabon.

Bayan ka cire buji, ka taka kik a hankali. In ya ƙi motsi kada ka hau shi da ƙarfi, za ka karya abin da bai karye ba. Ka zuba cokali biyu na luwul gauraye da kananzir ta ramin buji, ka bar shi kwana uku ko huɗu, sannan ka sa giya ka riƙa tura babur gaba da baya kaɗan kaɗan. Da yawa tsatsa ce kawai ta riƙe su, kuma sukan saki. In ya saki, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya taka kik. In iska ta ture yatsanka da ƙarfi har ta yi fuf, injin na da numfashi. In kuwa ka ji ta sanyi-sanyi, sagiman sun ci, ko silinda ta faɗaɗa. Wannan ma ba mutuwa ba ce. A Maraɗi akwai masu injin da ke sake rarake silinda, a sa fistan da ya ɗan fi na da girma. Lambobinsa hawa-hawa suke: 0,25 da 0,50 da 0,75 da 1,00. Ka duba kan tsohon fistan, in ba a rubuta ko ɗaya ba, babur ɗinka bai taɓa shiga wannan gyara ba, yana da sauran rai har huɗu.

Sai wuta. Ka maida buji cikin hularsa, ka jingina gindinsa da ƙarfen injin, a taka kik cikin inuwa. Ana son ƙyastu mai launin shuɗi. Ka tabbata babu esansi kusa. In babu wuta, a tsofaffin nan yawanci ƴan ƙarafa biyu ne da ke buɗewa suna rufewa cikin injin suka yi tsatsa, makanikai na ce musu bis-filatine ko kwantak. A goge su, a daidaita tsakaninsu milimita 0,3 zuwa 0,4. Bakin buji kuma 0,6 zuwa 0,7. Ba ka da ma'auni? Kaurin rezar aski ɗaya kusan milimita 0,1 ne. Haɗa uku ko huɗu ka auna na farko, shida ko bakwai ka auna buji.

Tanki kusan kullum za ka tarar da shi da tsatsa. A cire shi, a zuba kananzir da ƴan tsakuwa masu tsabta, a yi ta girgizawa, a zubar, a maimaita har abin da ke fitowa ya yi fes. In ya huje, kada ka yarda kowa ya kusanto shi da wutar walda yana warin esansi. Tankin da babu komai ciki ya fi cikakke saurin fashewa, don tururin ne ke kamawa.

Akwai abu ɗaya da ake mantawa a babura masu hayaƙi, irin AG da DT da mobilet. A gindin injin, hagu da dama, akwai zobban roba guda biyu da ke hana iska shiga ta inda bai kamata ba. In babur ya daɗe a ajiye sukan bushe su tsage. Alamarsu ita ce injin ya riƙa tashi sama da kansa ba ka murɗa ba, ko ya yi ta farin hayaƙi mai kauri. Ba su da tsada. Ka sa a canza su tun farko, in ba haka ba sabon fistan ɗinka ba zai ga damina ba.

Ƙura

Na daɗe a kan wannan saboda ita ce ta kayar da ni. Inji numfashi yake kamar kai, kuma iskar da yake shaƙa ta fi man da yake sha yawa nesa ba kusa ba. Ka tuna yadda hancinka ke yi ran da ka dawo daga kasuwa cikin hunturu. To shi soso ne hancinsa. Ƙurar ƙasarmu kuwa garin rairayi ce, ta fi ƙarfen fistan tauri. In ta shiga ta haɗu da luwul sai ta zama abin wasa wuƙa.

Wankin soso ba ya son makaniki. Ka kwance murfin akwatin, ka zaro shi, ka wanke da kananzir ko ruwan sabulu. Ka matse shi cikin tafin hannu, kada ka murɗe shi kamar wanki, zai yage. Ka shanya a inuwa ya bushe sarai. Sannan ka ɗiga masa luwul mai tsabta, ka mulmula har ya game ko'ina, ka matse rarar. Luwul ɗin nan shi ke kama ƙura, busasshen soso rabin aiki yake yi. Kafin ka rufe, ka shafa yatsa cikin bututun da ya wuce soso zuwa karbirato. In ka ji gari-gari, akwai inda ƙura ke ɓuya ta shiga, ka nemi wurin ka toshe. Lokacin hunturu da bazara ka yi haka duk mako. Ka zaɓi rana ɗaya, misali jajibirin kasuwarku, don kada ka manta. In soso ya ruɓe kuma ba ka samu irinsa ba, ka yanka na katifa mai laushi ka yi maneji da shi zuwa ran da za ka shiga birni. Ko da wane hali kada ka bar akwatin nan wayam.

Buji zai gaya maka gaskiyar abin da ke ciki. In ka kwance ka ga bakinsa da launin ƙuli-ƙuli, lafiya lau. In baƙi ne da kunkunniya, soso ya toshe ko mai ya yi yawa. In ya yi fari fat kamar toka, iska ta yi yawa, injin na ƙuna, ka tsaya a duba kafin ka sake doguwar tafiya.

Sarƙa ma ƙurar ce ke cin ta. Na ga samari na cire gidan sarƙa wai don babur ya yi kyau. Sarƙar da ke cikin gida takan daɗe ƙwarai fiye da wadda ke tsirara cikin rairayi. Ka wanke ta da kananzir, ka ɗiga luwul kaɗan, ka goge na waje. Ka bar mata sassauci kamar faɗin yatsa biyu, santimita 2 zuwa 3. In haƙoran faifan sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙayar magarya, ka canza sarƙa da faifan gaba da na baya gaba ɗaya. Sabuwar sarƙa bisa tsohon faifai asarar kuɗi ce.

Abin sha

Babura iri biyu ne, kuma luwul ɗinsu ba ɗaya ba ne. Marasa hayaƙi, irin CG, luwul na zaune a cikin injin, kusan lita 1, gwangwaninsa an rubuta 4T. Littafin kamfani na iya ba ka dogon wa'adi, amma ba a hanyar Gangara aka rubuta shi ba. Ni shawarata a juye shi duk kilomita 1000. In agogon babur ya mutu, kuma kana hawa kullum, ka juye da tsayuwar kowane wata. A juye shi injin na da ɗumi. Baƙin luwul da aka juye daga mota ba na zubawa a inji ba ne ko da kyauta aka ba ka. Naka ma da ka juye, kada ka zubar kusa da rijiya, kada kuma ka shafa wa dabba a gyambo kamar yadda wasu ke yi. Ka shafa wa gindin dirkar rumfa saboda gara.

Masu hayaƙi su ƙone luwul ɗinsu suke tare da esansi, nasu an rubuta 2T. Mobilet gaurayawa ake yi, kashi 4 cikin 100: in esansi lita 5 ne, luwul kashi ɗaya cikin biyar na lita. AG da DT kuwa suna da ƙaramin tanki daban da famfon da ke aunawa da kansa. Ka leƙa tankin nan duk safiya, don ran da ya ƙafe ba zai yi maka sallama ba. In ka gaji babur ɗin da aka cire wa famfon, dole ka riƙa gaurayawa da hannu. Ka tambaya tun kafin ka tayar.

Esansi kuma, yawancinmu a kwalba muke saye wajen ƴan ruwa-ruwa, ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki tun 2011, kuma Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Ƙauye babu gidan mai, ba laifin kowa ba ne. Amma ka ɗaga kwalbar ka duba gindinta da hasken rana. Ruwa ya fi esansi nauyi, ƙasa yake kwanciya, za ka gan shi kamar ƙwayar ido. Ka sa a tace da tsumma mai tsabta. Akwai ɗan mataci na roba da ake sawa a tiyo tsakanin tanki da karbirato, kuɗinsa bai kai na tiyar hatsi ba. A ƙasan karbirato kuma akwai ɗan kusa da ake sassautawa ruwa da datti su tsiyaye. Makaniki ya nuna maka shi sau ɗaya, ka huta da turi.

Lissafi

Yanzu ka zauna da alƙalami, ai don irin wannan rana aka koyi rubutu. Ka kira makanikin da ya san tsofaffin babura, yawanci dattijo ne, ba yaron da ya buɗe ido ya ga ƴan Sin ba. Ya faɗi abin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya, kai kana rubutawa da kuɗin kowanne: fistan da sagiman, rarake silinda, zobban roba, taya biyu da shambur, sarƙa da faifai, takalman birki, wayoyin birki da na kuloci, ladan aiki. Kada ka bar taya da birki a baya wai sai an samu hali. Tayar da ta shekara goma a zaure ta mutu ko da zanenta bai goge ba.

Ka tara, ka gwada da kuɗin sabon babur a kasuwa ran nan. In gyaran ya wuce rabi, ni dai ba na ba ka shawarar ka shiga. Sai dai ko a nan ma kada ka sayar a kilo. Ka sayar wa makaniki ƙarfe-ƙarfe, don karbirato ko akwatin giya na asali daga Japan yana da masu nema. In gyaran bai kai rabi ba, ka yi, amma ka yi shi yanzu da kuɗin aya da wake ke hannu. Kada ka sayar da hatsin ci don babur, kada kuma ka ci bashin da za a biya da damma a gona. Ku yi ciniki da makaniki kafin a kwance kusa ɗaya, kuma duk abin da aka cire a maido maka da shi.

In an gama, ka yi haƙuri da shi kilomita 500 na farko. Ba gudu, ba kaya mai nauyi, ka riƙa tsayawa yana shan iska. Bayan nan ma ka tuna ba rakumi ba ne. Buhu biyu na aya bisa babur ɗaya, ga direba ga mai kaya, shi ke tsinka wayoyin ƙafa ya lanƙwasa bayan babur. Ka riƙa ƙwanƙwasa wayoyin da makulli: mai ƙara ƙal-ƙal lafiya take, wadda ta yi shiru ta saki, a ɗaure ta. Cikin rairayi ka rage iskar taya kaɗan, in ka hau kwalta ka maida. Faci da gam da famfo su zauna cikin jaka kullum, don ƙayar aduwa ba ta san kana sauri ba. Hular kwano kuma ka saya tare da taya. Kan babbar hanya tsakanin Caduwa da Gazawa manyan motoci ba sa kauce wa kowa.

Sauran magana ta takardu. A wuyan babur akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfe. Ka kankare tsatsa ka karanta, ka rubuta ta a littafinka. Ka nemi kart giriz ɗinsa cikin akwatin marigayi ka ga ko lambar ta yi daidai. In na gado ne, a raba gado tukuna, ko magada su yarda gaban shaidu, don babur ɗin da ba mai so yana kwance, ran da ya tashi kowa ɗan gida ne. In saye za ka yi, a rubuta takardar ciniki gaban maigari da shaidu biyu. Tun da matsalar ƴan bindiga ta tsananta a bakin iyaka wajen 2019, musamman a gundumar Gidan Rumji, babur marar takarda na iya jawo wa mai shi tambayoyin da ba zai ji daɗinsu ba.

Na san kuma da yawanku za su tafi cin rani bayan an gama sussuka. In za ka bar babur wata uku ko huɗu, ka rufe makunnin mai, ka tsiyaye karbirato, ka zuba cokali ɗaya na luwul ta ramin buji ka taka kik sau uku, ka maida buji. Ka ɗora shi bisa itace tayoyi su bar ƙasa. Ka toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro, ka cire soso ka ba uwargida ta ajiye cikin kwano mai murfi, don ɓera na son sa ƙwarai. Sai dai ka ɗaura wani ƙyalle a kan babur ɗin, wanda zai tuna maka ka maida soson kafin ka taka kik ran da ka dawo.